Dankali Talatin da Shida

A Puno, can saman duwatsu,
inda Tafkin Titikaka ke kwana cikin sanyi,
daren Yuni ne, sama ta washe,
kakata Eusebia ta zazzage buhu a kan busasshiyar ciyawa.
Ƙananan dankali ne masu ɗaci,
ba sa ciwuwa sai ƙanƙara ta kwana a kansu.

Ni kuwa ina rungume da littafin lissafi.
Malam Fortunato ya ce: talatin da shida,
nemo duk lambar da ke raba ta ba saura,
kowace da abokiyar ninkinta.
Na tauna fensir har katako ya fito.

Kaka ba ta san baƙi ba,
yatsa take dangwalawa a takarda.
Ta ƙirgo talatin da shida, ta turo gabana.
"Jera su. Kada wani ya hau wani,
ƙanƙara ba ta shiga cunkoso."

Na ja layi guda har gindin katanga:
ɗaya da talatin da shida.
Na karya shi biyu, sha takwas nan, sha takwas can.
Layi uku, sha biyu kowanne, suka zauna daram.
Layi huɗu, tara-tara.
Yatsuna sun ƙage, ina hura musu iska.

Biyar ce ta kunyata ni.
Bakwai-bakwai na jera, layi biyar,
guda ya rage a tafin hannuna
kamar baƙon da ya iso an wanke tukunya.

Sai shida. Layi shida, shida kowanne,
ta duk inda ka zagayo, fuska ɗaya.
Na kai hannu zan ci gaba,
kaka ta kama wuyan hannuna.
"In lamba ta auri kanta, kin kai tsakiyar gada.
Abin da ke gaba kin riga kin gani.
Tara da huɗu, ai huɗu da tara ne suka juya miki baya."

Ta laluba haɓar mayafinta,
ta ciro wani ɗan ƙwarƙwalallen dankali ta jefa a tsibin.
"To, yanzu fa?"
Talatin da bakwai.
Na gwada biyu, na gwada uku, huɗu, biyar, shida,
kullum da mai tsayawa a waje.
Layi guda kawai ya yarda da shi, dogo, shi kaɗai.
Kaka ta yi dariya har da tari:
"Halin kakanki Saturnino ke nan,
ko gona ba ya haɗawa da kowa."

Da hantsi muka tattake dankalin da ƙafa,
ruwan sanyi na tsartuwa tsakanin yatsu.
Na rubuta aure biyar, lambobi tara,
gefen shafin duk shatar ƙasa.

Na talatin da bakwai ɗin
yana aljihun rigata a cikin aji,
yana narkewa a hankali.