Farantin da Aka Sauke

Ranar Laraba Baldo ya zo da tsani
da akwatin kwali a bayan motarsa,
taɓon hanyar Cochrane har ƙofofinta.
Ya ce, “Don Eliodoro, yau tsohon naka zai yi ritaya.”
Na ce, “Bi shi a hankali, ya girmi ɗanka.”

Shekara goma sha huɗu yana kan gungumen nan,
baki buɗe, yana kallon arewa
kamar mai jiran a kira sunansa a asibiti.
Herminia ta riƙe min tsani ranar da muka kafa shi,
ita ta ɗiga jan farce a wuyan ƙarfen
don in iska ta karkata shi mu san inda za mu mayar.
Ɗigon yana nan.
Mai ɗigawar ce ba ta nan.

Sabon ba shi da ciki, ba shi da baki,
shafal, kamar katakon yanka albasa.
Baldo ya ce ba sai an nuna masa sama ba,
da kansa yake lalubo ta.
Wai taurarinsa garke ne,
suna bi a jere kamar tumakina a ƙofar shinge,
na gaba ya wuce, na baya ya karɓi magana.
Na ce to wa ke kiwonsu?
Ya yi dariya, ƙusa a bakinsa.

Abin da ban faɗa wa Baldo ba:
ni da tsohon muna da amana.
In Yasna ta kira daga Antofagasta
muryarta sai ta hau sama, ta huta, sannan ta sauko.
Tsakanin tambayarta da amsata akwai ɗan rami.
A nan nake binne tari,
a nan nake zaɓar ƙaryar da ba ta da nauyi.
In ta taɓo zancen gwiwa ko na sayar da gona
sai fuskarta ta daskare, ido ɗaya a rufe,
in ce, “Dusar ƙanƙara ce, ’yata, ba na jin ki.”
Wani lokacin ma gaskiya ne.

Da magariba ta kira.
Babu rami.
Kafin in gyara zama ta riga ta shigo kicin ɗina,
da furfura uku a goshinta waɗanda ban san da su ba.
“Baba, me ya sa kofin yake rawa?”
Na ce teburin ne.
“A hannunka yake.”
Ta ƙirga kwanukan da ke bayana,
ta ga itacen bai kai rabin bango ba ga sanyi a ƙofa,
ta ga rigar uwarta rataye inda take.
Kan wannan ba ta ce komai ba.
Na duba taga ko iska za ta taimake ni.
Iskar tana ta aikinta, hoton bai ko girgiza ba.

Sai Maite ta kutso kai tsakaninmu,
ta wage baki, ta nuna min gurbin haƙori.
Na ga jan dasashi, na ga farin ɗan tsiro.
Shekararta shida,
yau na san tana da tabo a haɓa.
Na tambaya, aka ce ai tun bara, keke ne.

Tsohon farantin na kwantar da shi bayan rumbu,
na tokare shi da duwatsu uku, na zuba ruwa
don marayun ’yan tumaki biyu.
Da dare na fita da tocila.
Na kashe ta.
Ga taurari a cikinsa fal,
shi da ya shekara goma sha huɗu yana roƙon guda ɗaya.

Yasna ta ce gobe da bakwai.
Na wanke kwanukan.
Reza ce har yanzu ban gano inda na ajiye ba.