A Wata Ba A Shiƙa

Ran Laraba a masussukar Kwalam
iska ta ƙi zuwa.
Na ɗaga ƙwarya har kafaɗa ta yi ƙara,
na zubo,
tsaba da ƙaiƙayi suka taru wuri guda
kamar ba su taɓa yin faɗa ba.

Hansai jikata na zaune kan kifaffen turmi,
littafin makaranta a cinya.
Ta ce, "Iya, abin da kika yi yanzun nan,
haka zai faru a wata."

Na ce, "Wanne? Na azumi ko na salla?"
Ta ce, "Wancan mai leƙo mu ta bayan kuka.
Malam Sabi'u ya ce can babu iskar da za ta hura wuta.
Ki saki dutsen niƙa da gashin zabuwa,
tare za su tafi, tare za su isa,
ba mai yi wa wani sannu da zuwa."

Na ce, "Ashe matan can da ƙaiƙayi suke tuƙa tuwo."
Ta yi dariya har littafin ya suɓuce.
Na ce, "To ga shi, shi ma ƙasa ya nufa.
Wa ya kira shi?"

Shekara hamsin ina jefa guga a rijiya,
ban taɓa roƙonsa ya sauka ba,
fitowar ce ke cin tafin hannu.
Goruba ta taɓa faɗo mini a ka ina budurwa,
na zage ta, na ɗauka, na gaigaye,
magana ta ƙare a nan.

Amma yarinyar nan ba ta barin magana ta ƙare.
"Ƙasa ce ke ja, Iya.
Tana jan guga, tana jan ki,
har watan ma bai tsira ba."
"In tana jan sa, me ya hana shi faɗowa
kan rumbun Ɗanjuma mai kanwa?"
"Yana faɗowa," ta ce, "kullum cikin faɗuwa yake,
gudunsa ne ya sa yake kuskure mu."

Ta ɗaure ƙwallon goruba a bakin igiya,
ta wulwula shi bisa kanta
kamar mai korar tsuntsu da majajjawa.
Na ce, "Taki igiyar na gan ta.
Ta wata fa, wa ya tufka?
Da rama ko da kaba?"
Ta buɗe baki, ta rufe.
Ta ce gobe za ta tambayo Malam.
Na ji daɗi a raina, ban nuna ba.

La'asar sakaliya iska ta iso
ba sallama, ba neman gafara.
Tsaba ta zauna a ƙafata,
ƙaiƙayi ya nufi gonar maƙwabta.
Na ce alhamdu lillahi da aka haife ni a nan.

Da dare na kwanta a tsakar gida,
tabarma ta karɓi bayana, ta karɓi kwankwaso.
Wannan jan na san shi
tun kafin a raɗa masa suna a littafi.
Ya ja Malam, mijina, ya ja 'ya'yana biyu,
ya riƙe su gabas da gari, bai saki ba.
Ni ma yana jan gwiwata a hankali,
ba ya gaggawa.

Wani tauraro ya ratsa ta gefen Kaza da 'Ya'yanta,
ba ya ƙiftawa, tafiyarsa kawai yake.
Hansai ta ce mutane ne suka ƙera shi,
kuma mu da gidan da awakin
duk juyawa muke yi yanzu haka.
Ta faɗa, ta yi barcinta.

Ni kuwa na damƙi bakin tabarma.
Na dubi randa a gindin ɗurumi,
cike take, ko motsi.
Na taɓa ƙafar yarinyar.
"Ke, Hansai, tashi.
In juyawa muke,
me ya hana ruwan nan zubewa?"