Reza da Almakashi

Shekara arba'in ina yankan cibi a Gidimuni,
da reza, da zare, da bismillah.
Rabin masu saran rake a bakin tafkin nan
a tafin hannuna suka fara kuka.
Waɗanda ba su yi kukan ba, su ma ina sane da su,
na san gindin katangar da kowanne yake kwance.

Sai aka aiko mana yarinya,
siririya kamar karan gero, sa'ar jikata,
wai ita ce sajifam.
Na ce, wadda ba ta taɓa durƙusawa ba
me za ta gaya wa mai naƙuda?
Ta ce, Iya Tasalla, matso kusa da ni,
ke kin san matan, ni na san allurar.

Ba likita ba ce. Ita da bakinta take faɗa.
Likita yana Damagaram, can bayan duwatsu,
kuma naƙuda ba ta jiran motar kasuwa.
A nan Sahura muke da ita, sai Manjo Ilu,
sai firji ɗaya mai nishi kamar tsohon jaki.

Ran Talata awo.
Ta ɗaure dantsen mace ta matsa, ta ƙura wa ma'auni ido,
ta ja fatar ido ta ga ko jini ya gudu,
ta kafa ɗan ƙaho a ciki, ta sa kunne, ta yi tsit.
Abin da nake laluba da yatsa in manta,
ita tana zuba shi a karne.

Kubura, haihuwa tara, kwanika uku,
ta tsaya sai da layi ya watse
kafin ta ce, na gaji, da murya kamar ta ɓarauniya.
Sahura ta jera mata a tebur:
ga ƙwaya, ga allura, ga ƴar ashana ta dantse,
kowacce da halinta, zaɓi naki ne.
Washegari mijin ya bi ta ƙofar baya wurin Manjo,
wai ciwon kai ya kawo shi.
Sun daɗe a ciki. Ya fito ba magani a hannu.

Daren da Habsu ta haihu, tsakiyar damina,
jini ya ɓalle kamar an fasa tulu.
Na san wannan jinin. Mata shida ya ƙwace mini.
Batirin sola ya mutu, na ɗaga tocila.
Ta karya wuyan kwalba, ta soka a cinya,
ta dafe mara tana murzawa, tana murzawa,
Manjo ya rataye ƙarin ruwa a ƙusar bango.
Iya, ki yi ta kiran sunanta.
Na kira, na kira,
har Habsu ta buɗe ido ta ce in daina mata ihu a ka.

Wani dare kuma ɗa ya zo a gicciye,
hannu ya riga kai leƙo duniya.
Na fara naɗe hannun rigata.
Ta ce a'a. Wannan ya fi ƙarfina, aikin wuƙa ne.
Ta rubuta takarda, ta buga waya,
ta hau bayan mota riƙe da ledar ruwa sama da kanta.
Sanin inda hannunka ya ƙare:
shekara arba'in ban koyi wannan ba.

Yau da asuba na tarar da ita a kan benci,
barci ya kayar da ita da takalmi a ƙafa,
biro soke a ɗankwali.
Mata sun fara jeruwa a gindin dalbejiya.
Na ce musu, ku sassauta murya.
Rezata na gida cikin ƙwarya, ta yi tsatsa.
Na ɗauki almakashinta na jefa a ruwan zafi.