Hannu na Biyar

A bakin ƙofa akwai allo fari tas,
an jera sunaye kamar sahun sallah:
mai gini, mai zane, injiniya, kamfani.
Wata bakwai ina karanta shi sama da ƙasa,
ban ga Mumuni ba,
ni da na ɗaure rodin kowane ginshiƙi
tun daga harsashi har hawa na shida.

Aikin ya fito daga wani ofis mai sanyi a Osu.
Kamfani ya yanki tsoka, ya miƙa wa Mista Tete.
Tete ya cire kitse, ya kira Ampofo.
Ampofo ya tsotse ɓargo a cikin motarsa,
ya jefa wa Alhaji Bawa ƙashi.
Bawa kuwa ya shigo Nima bayan isha'i
yana tambaya: wa ke son romo?

Mu muka ce muna so.

Da asuba tirotiro, gwiwa a bayan gwiwa,
koko a leda, ƙosai biyu a aljihu.
Kafin rana ta ɗaga mun hau katako,
Akara shimfiɗe ƙarƙashinmu har bakin teku,
kamar tabarmar da ba a ce mu zauna ba.

Ranar Laraba katako ya karye da Gariba.
Hawa uku, ya sauka kan tulin bulo,
hular kwanonsa tana can a takardar kamfani,
an saya, an sa hannu, ba ta taɓa ganin kansa ba.
A Korle Bu suka ce: wa zai biya?
Kamfani ya buɗe littafi, babu shi ciki.
Tete ya ce bai san shi ba, kuma gaskiya ya faɗa.
Ampofo yana jana'iza a Kumasi.
Wayar Bawa, wata mata ke amsawa da Turanci
cewa a sake gwadawa an jima.
Muka zagaya da hula bayan Juma'a,
sidi biyar, sidi biyu, har da tsabar fesuwa.

Lariba mai wake da shinkafa ce kaɗai ke da sunayenmu.
Tana da littafi mai maiƙo a ƙarƙashin tire,
kowa da shafinsa, kowa da bashinsa.
Ta ce: ku ci, in an biya ku kun san hanya.
In ana neman shaidar mun taɓa aiki a nan,
a je wurinta.

Amma kada in wanke kaina da ruwan wani.
Da Bawa ya bar mini daben bayan gida,
sai na kira yara biyu, 'yan Walewale,
sababbin zuwa, ba su san farashin gari ba.
Aka ba ni ɗari shida, na ce musu ɗari uku ne.
Suka yi godiya har da durƙuso.
Daren nan na sayi kifi, na kai gida,
yana ta tsaya mini a wuya.

An ce kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.
Ba a faɗa mana kura ma
takan samu wanda za ta taka ba.

Yanzu an shafa fenti, an sa gilashi.
Mai gadi ya hana ni wuce ƙofa,
ya ce ma'aikata sun tashi tun bara.
Na tsaya tsallaken titi ina ƙirga tagogi.
Na san ginshiƙin da aka rage wa rodi biyu,
na san inda yashi ya rinjayi siminti,
ran da buhu goma ya fita ta baya da dare.
Kowane hannu ya ɗan tsakura,
ginin kuwa ya haɗiye, ya yi shiru.

A hawa na huɗu wata yarinya ta jingina da bango,
tana cin mangwaro, tana kallon teku.
Allah ka riƙe ginshiƙin nan.
Ni na ɗaure shi.