Ƙadangaren Arkawit

A Arkawit gajimare ba ya zama a sama,
saukowa yake, ya bi ta tsakanin ƙafafun mutum
kamar akuyar da ta san gida.
Daga Bahar Maliya yake tasowa,
ya hau dutse, ya rataya a rassan kanya.
Gansakuka ta sha, ƙerana ta sha,
rigata ma ta sha rabonta.

Ni mai riƙe fitila ne.
Dakta Tahani ta ɗauke ni a Bur Sudan
don na iya tuƙi, kuma na iya shiru.
Kwana goma sha ɗaya muna ɗaga duwatsu,
muna mayar da kowanne yadda muka tarar.
Kunama muka samu. Tsaka. Kulɓa mai guntun bindi.
Gwangwanin kifi na wani da ya riga mu.

A dare na sha biyu
na ɓamɓare ɓawon wani mataccen reshe, sai ga shi.
Bai kai ɗan yatsana na tsakiya ba.
Bayansa launin gahawar da aka soya,
wuyansa ɗigo-ɗigo shuɗi,
kamar ya gifta ta marina ana aiki.
Bai gudu ba, sanyi ya ɗaure shi.
Maƙogwaronsa kaɗai ke bugawa.

Dakta ta ƙirga layukan leɓensa sau uku,
ta ƙirga yatsu, ta auna bindi,
alƙalami na rawa a hannunta.
Ta ce, ba ya cikin littafi.
Ta sake faɗa a hankali, kamar mai tsoron ya ji.

Tsoho Onur yana gindin murhu yana dakan citta.
Ya leƙo, ya taɓe baki:
"Wannan? Uwata ta sha korar su daga salkar nono."
Ya kira wani suna da harshen Hadandawa,
gajere, kamar tari.
Dakta ta rubuta shi a gefen shafi.

Sabo ne, in ji littafi.
Na tuna kakana Tanimu
da ya baro Haɗeja a ƙafa, Makka a bakinsa,
guzuri ya ƙare masa a bakin teku.
A nan ya yi dako, a nan aka binne shi.
Ni jikansa, in na shiga layin takarda,
har yau sai an ɗago kai an ce:
amma asali daga ina?

Da safe ta fito da kwalba.
Ta yi min bayani, ban ce ta yi ƙarya ba:
sai an ajiye guda a ruwan magani
kafin duniya ta yarda akwai shi,
kafin a hana masu gatari hawa nan.
A wajenmu, ranar suna rago ke mutuwa.
A nan mai sunan ne.

Ta yi bisimilla, na ji da kunnena.

Daren ƙarshe, muna saukowa,
haskena ya faɗa kan wata, a tsagin dutse,
cikinta ya yi nauyi da ƙwai.
Dakta tana gaba, tana lissafin man mota.
Na karkatar da fitila zuwa hanya.
Ai ta san na iya shiru
tun ranar da ta ɗauke ni.