Tambaya ta Huɗu

A Naryn, garin da duwatsu suka yi wa ƙawanya,
Malam Toktosun ya raba takardu,
garin alli a hannun rigarsa.
"Minti ashirin. A karanta, a amsa."

Labarin da Turanci yake:
wani tsoho a hasumiya, bakin teku,
kullum magariba sai ya kunna fitila.

Gulzat ba ta taɓa ganin teku ba.
Ruwan da ta sani kogi ne mai gaggawa,
ɗan ƙanƙara, mai faɗa da duwatsu.
Ta bi layi da ɗan yatsa.
Kalma ta cije, ta tsallake ta,
da ta dawo, ta tarar ta yi laushi.

Tambaya uku, kamar shan ruwa.
Ta huɗu: me ya sa tsohon ke kunna fitilar?

Amsoshi huɗu sun jeru suna kallonta.
Ita kuwa tagar gidansu take gani,
da ƙwan lantarkin da innarta ba ta kashewa
sai babbar motar babanta
ta gangaro daga iyakar Sin.

Ba ta zaɓi ko ɗaya ba.
A ƙasa, da Turancinta mai ɗingishi,
ta rubuta: yana jiran wani.

Washegari jan biro ya yi hukunci:
kuskure.
Aikinsa ne, biyansa ake yi.

Amma can gefe, da ƙananan baƙaƙe:
"Ranar jarrabawa, zaɓi ta biyu.
Ni ma dai, jira na ga yana yi."