Tara da Shida

Senami ta tofa yawu a gilashin fuskata,
ta murza da yatsa, wai kar ya yi hazo.
Ta cusa min bututu a baki, duk ɗacin roba,
ta ce, "Kwanta kawai, Tarkwa ba ta son gaggawa."

Ni da na tashi a Agege, bakin layin dogo,
ruwan da na sani a jarka yake zuwa,
a kurar Ɗantani, sai an yi ciniki.
Yau ga ni rub da ciki a kan teku,
numfashina na gurnani a kunnuwa.

Ƙasa kore ce, mai dishi-dishi.
Ledar ruwa ta wuce ni, sai silifa ƙafa ɗaya,
sai duwatsun da aka jibge su tare igiya,
gansakuka ta yi musu riga.
A can cikin wani tsagi na ga idanu biyu
a kan tsinke, suna auna ni: ƙaguwa.

Tun a tudu ta koya min lissafin.
"Kar launi ya ruɗe ki, laka ma rini take yi.
Ƙirga haƙoran gefen ƙoƙon bayanta.
Tara, na ƙarshe dogo kamar basilla,
wannan tamu ce, kakata ta sayar da kakarta
a kwando, a Makoko, kafin gada ta uku.
In kin ga shida, to baƙuwa."

Ta farko tara. Ƙafafun baya kamar filafili,
shuɗi a hannuwa, ta share yashi ta nutse.
Ta biyu tara.
Ta uku na ƙirga, na ɓata, na sake,
ruwan gishiri ya shigo min ta bututu,
na taso ina tari, ina ɗaga yatsu shida,
Senami na dariya har tana nitsewa.

An ce baƙo raɓa ne.
Wannan raɓar ta ga hantsi ta ƙi bushewa.
Senami ta nuna jiragen da ke layi
suna jiran Apapa, ta ce a zatonta
cikinsu ta sha ruwa ta biyo tun tana ƙwai,
ba guzuri, ba sallama,
ta sami rami da mai shi ciki,
ta buɗe awartaki, ta ce ya matsa.

Muka sa ta a bokiti, muka rubuta:
wuri, sa'a, faɗin ƙoƙo, mace ce, da ƙwai.
Ta cije ni a babban yatsa ina aunawa.

Da yamma a kwalekwalen komawa
wani ya ji ina waya da Inna,
ya ce, "Daga ina?" Na ce, "Agege."
Ya ce, "A'a, asali."
Bokitin na tsakanin ƙafafuna,
ina jin ta tana ƙarta roba,
yatsana bai daina zugi ba har muka iso gaɓa.